Wasan da Mutum Ɗaya Ke Kuka Ba Wasa Ba Ne: Jawabin Ƙaddamar da Ranar Kyautatawa a Makarantun Chanchaga



  

Na gode wa kwamitin da ya ga dacewar a kira tsohon malami ya buɗe wannan rana. Alli ya ci mini yatsu shekara talatin da ɗoriya. Zan fara da laifina, domin wanda zai yi wa jama'a wa'azi gara ya fara wanke hannunsa.

Ina sabon malami, akwai wani yaro a ajina mai i'ina. Wata safiya na ce ya tashi ya karanta sakin layi na biyu. Ya miƙe, ya riƙe littafin da hannu biyu, harafin farko ya maƙale masa a maƙogwaro. Yana ta fama, sai wani daga bencin baya ya ce, “Malam, janareta ya ƙi tashi, a ƙara masa mai.” Aji ya kwashe da dariya. Ni ma, Allah ya yafe mini, murmushi ya suɓuce mini kafin in daka tsawa. Tsawar ta zo a makare. Yaron ya riga ya ga haƙorana. Daga ranar sunansa ya koma Janareta, har 'yan aji ɗaya suna kwaikwayon jan igiya idan ya gifta. Ya daina ɗaga hannu. Ya koma kusurwa. Ya fara fashi ranar Litinin, sannan Litinin da Talata, kafin zango ya ƙare bencinsa ya zama wurin ajiye jakunkuna. Bayan shekara biyu na gan shi a kasuwa yana tura baro. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi kayana, ya ƙi karɓar kuɗina. A lissafi babu wanda ya kama ƙafarsa a ajin nan. Babu wanda ya taɓa marinsa ko sau ɗaya, dariya ce ta kore shi, kuma da hannuna a ciki.

Wannan shi ne abin da ya tara mu yau. Cin zali tsakanin ɗalibai ba a nan Minna ya fara ba. A shekarar 2019 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto kan ƙasashe da yankuna 144, inda ta gano cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku, wato kashi 32 cikin ɗari, 'yan'uwansa ɗalibai sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda kafin a tambaye shi. A ƙasashenmu na kudu da Sahara adadin ya kai kashi 48. Ku dubi layin da kuke zaune, ku ƙirga mutum biyu biyu. Rahoton ya ce abin da aka fi tsangwamar yaro a kansa shi ne kamanninsa, sai kuma asalinsa da launin fatarsa. A shekarar 2019 ɗin ce ƙasashen da ke cikin hukumar suka ware Alhamis ta farko a watan Nuwamba ta zama ranar yaƙi da cin zali a makarantu, har da wanda ake yi ta intanet, aka kuma fara raya ta a 2020.

Amma tun kafin manya su zauna a zauren taro, yara ne suka nuna hanya. A 2007, a wata makarantar sakandare da ke lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada, wani sabon ɗalibi ya zo ranar farko sanye da riga mai ruwan hoda. Aka yi masa caa, aka yi barazanar dukansa. Wasu 'yan ajin ƙarshe biyu, David Shepherd da Travis Price, suka ji labari. Ba su nemi faɗa da kowa ba. Kanti suka je suka sayo riguna hamsin masu ruwan hoda, suka aika wa abokansu saƙo. Washegari makaranta ta cika da wannan launi, masu tsokana suka rasa wanda za su nuna da yatsa. Daga nan aka samu ranar sa riga mai ruwan hoda da ake yi a ƙasashe da dama. A Amurka kuma, tun 2011, ana ware rana guda a watan Oktoba, ɗalibai su sa tufafi masu ruwan lemo don nuna cewa kowa nasu ne. Abin lura a labarin Kanada shi ne, waɗanda suka tashi ba su ne aka zalunta ba. 'Yan kallo ne suka ƙi zama 'yan kallo.

'Ya'yana, azzalumi a makaranta kamar makaɗi yake, ba ya kiɗa a filin da babu kowa. Dariyarku ce kuɗin liƙinsa. Ranar da ya yi wa wani ba'a aji ya yi tsit, ranar kasuwarsa ta fara mutuwa. Wanda kuma yake jin daɗi don yau ba a kansa abin ya faɗa ba, ya tuna cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci: “Ai wasa ne.” To, mu Hausawa ba baƙin wasa ba ne. Muna da wasan taubasai, muna da na jika da kaka, muna da na Katsinawa da Nufawa, wanda a nan jihar ba sai an ba kowa labarinsa ba. Amma wasan nan yana da doka. Banufe ya tsokani Bakatsine, Bakatsine ya rama, su duka su tuntsire da dariya, su ci tuwo a kwano ɗaya. Ga ma'auni nan, ku riƙe shi: idan ɗaya ba shi da ikon ramawa, idan ya ce a bari aka ƙi bari, idan kullum shi ne abin wasan, idan an tashi mutum tara na dariya ɗaya na share hawaye da gefen hijabi, to sunan wannan zalunci, ko da an shafa masa man wasa.

Bari in taɓo wani wuri mai ƙaiƙayi, iyayena ku yi mini afuwa. Garin nan da muke zaune ƙasar Gbagyi ce tun asali. Layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa Minna ya isa Kano a 1911 shi ya jawo Bahaushe da Banufe da Bayarabe da Ibo, kowa ya sauke kayansa, masu gida suka ba shi wuri. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, Minna ta zama babban birni, ta ƙara tara Kambari da Kamuku da Dukkawa da Fulani da sauran jama'ar ƙananan hukumomi 25. Duk da haka, a bakinmu mu masu jin Hausa, idan yaro ya kasa gane abu sai mu kira shi da sunan ƙabilar masu masaukinmu, idan harshensa ya karkace mu ce yana gwaranci. Yaranmu ba a littafi suka koyi wannan ba, a tsakar gida suka ji. Duk mai naira ashirin a aljihu ya ciro ta ya juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, 'yar Gbagyi, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yau, a 1954, tukwanenta suka zaga Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Kullum muna yawo da hotonta a aljihu, sannan mu mayar da sunan mutanenta zagi. Wannan ɗabi'a ta tsaya a bakin ƙofar makaranta daga yau, in so samu ne ta tsaya a bakin ƙofar gida.

Akwai kuma baƙin da ba jirgin ƙasa ne ya kawo su ba, tsoro ne. Ba mu manta da 17 ga Fabrairun 2021 ba, daren da aka shiga Kwalejin Kimiyya ta Kagara aka kwashi ɗalibai 27. Ba mu manta da yaran Islamiyyar Tegina sama da ɗari da aka sace a ƙarshen Mayun 2021, suka yi kusan wata uku a daji ba. Iyalai da yawa daga Shiroro da Munya da Rafi sun baro gonakinsu sun shigo Minna, 'ya'yansu suna zaune a azuzuwanmu. Yarinyar da ta zo da silifas kala biyu, wadda ke firgita idan an buga ƙofa da ƙarfi, ba ku san abin da idonta ya gani ba. Ta tsere wa masu bindiga, bai kamata ta zo ta tarar da masu kiranta 'yar gudun hijira a bakin famfo ba. Mun kashe kuɗi mun ja katanga, mun ɗauki masu gadi don tsoron da ke waje. Tsoron da ke cikin katanga fa, wa ke gadinsa?

Zuwa gare ku 'yan manyan aji, siniyoyi da firfet-firfet. Na san dokar da ba a rubuta ba: an yi mini, ni ma sai na yi. An ƙwace mini gari da ƙuli-ƙuli ina aji ɗaya, an sa ni ɗiban ruwa da asuba, an sa ni tsallen kwaɗo a rana, don haka yanzu lokacina ne. Wannan bashi ne da ake karɓa a hannun wanda bai ci ba. Wanda ya cuce ka ya gama makaranta ya tafi, yaron da ke gabanka bai san hawa ba bai san sauka ba. Dole wani aji ya ce daga kanmu an daina, kuma ina roƙon ya zama naku. A Kwalejin Gwamnati ta Bida, aji ɗaya ya fitar da shugabannin ƙasa biyu 'yan garin nan, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, don haka ba ka san wanda ke ɗaukar maka bokiti ba. Amma kada ka kyautata masa don wataƙila gobe ya zama wani. Ka kyautata masa don yau ma mutum ne.

Sai maganar waya. A zamaninmu, idan an tashi makaranta an tashi da tsokana, yaro ya isa gida ya huta. Yanzu tsokana tana bin sa har kan katifa. A ɗauki hoton yarinya tana gyangyaɗi a aji, a saka a zauren WhatsApp, a ɗora masa waƙa a TikTok, kafin magariba Tunga da Kpakungu da Bosso duk sun gani. Magana zarar bunu ce, to bidiyo ya fi ta wuyar mayarwa. Wanda ya ɗauka da wanda ya tura gaba da wanda ya manna alamar dariya, duk sun yi tarayya. Idan irin wannan ya shigo wayarka, a wurinka ya mutu.

Iyaye, idan yaro ya fara ciwon ciki kullum da safe amma ban da Asabar, idan kuɗin tara na ɓacewa, idan riga na dawowa a yage, ku zaunar da shi. Kada amsarku ta zama “kai ma ka rama, ragon banza,” kada kuma ta zama “in ɓera da sata, daddawa ma da wari.” Yaron da aka mayar wa laifi sau ɗaya ba zai sake kawo ƙara ba. Idan kuma aka ce ɗanku ne ke cin zali, kada ku ɗaura ɗamara ku taho yi wa malami rashin mutunci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ba kowane yaro haƙƙin a kiyaye mutuncinsa, addinanmu kuwa sun riga doka: aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, Linjila kuma ta umarci mutum ya yi wa wasu abin da yake so a yi masa.

Abokan aikina malamai, kun ji labarina. Laƙabin da ya fito daga bakin malami ya fi kowanne daɗewa. Wanda ya ce wa yaro daƙiƙi a gaban aji ya raba wa yara arba'in lasisi.

Don kada wannan rana ta ƙare a rawa da raba lemo, ina roƙon kowace makaranta ta tashi daga nan da alkawari huɗu. Na ɗaya, a naɗa malami namiji da malama mace da kowane ɗalibi ya san zai iya zuwa wurinsu, a kuma ajiye akwatin koke a inda ba a ganin mai jefawa, a riƙa buɗe shi kowane mako. Na biyu, duk sabon ɗalibi a haɗa shi da aboki daga ajinsa na tsawon wata guda, ya nuna masa famfo da banɗaki, ya zauna kusa da shi, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Na uku, a rubuta iyakar ikon firfet a manna a allo, kowa ya karanta. Na huɗu naku ne, 'ya'yana, kuma ba ya bukatar ko kwabo: lokacin tara, idan kun hango wani zaune shi kaɗai a gindin bishiya, ɗayanku ya tashi ya je ya ce, “Taho mu ci.”

Da wannan, a madadin waɗanda suka shirya taro, nake ƙaddamar da wannan rana ta kyautatawa a makarantun Chanchaga. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, kada a kawo mini hotunan biki. A kawo mini rajistar aji, mu duba ko akwai bencin da ya zama wurin ajiye jakunkuna.

Allah ya raya mana ku, ya tsare ku ciki da waje, ya zaunar da Jihar Neja da Nijeriya lafiya.