Wasannin da ke cikin manhajar rubutu

Emacs manhaja ce ta rubutu a kwamfuta, wadda Richard Stallman ya fitar da nau'inta na GNU a Amurka a 1985. An gina mafi yawanta da yaren shirye-shirye mai suna Lisp, kuma kowane mai amfani na iya ƙara mata aiki. Ta wannan ƙofa wasanni suka shigo.

Idan aka danna Alt da x aka rubuta tetris, sai tubala su fara saukowa a tagar da ake rubuta wasiƙa. Akwai wasan maciji, irin wanda wayoyin Nokia suka yaɗa, da gomoku, mai kama da darar da ake bugawa a Magama da sauran ƙasar Katsina, sai dai shi biyar ake jerawa, ba uku ba. Mafi ban dariya shi ne doctor, likitan ƙwaƙwalwa na bogi da aka kwaikwayo daga manhajar ELIZA ta 1966. Duk abin da aka faɗa masa, juya shi yake ya mayar da shi tambaya.

Microsoft kuwa ɓoye nata ta yi: a manhajarta ta rubutu Word 97 akwai wasan pinball da sai an bi wasu matakai yake bayyana.