Adon Ɗakin Jaririya: Mu Waiwayi Aikin Hannun Gida



A da, jaririya ba ta da ɗaki sai na mahaifiyarta, inda ake jego har kwana 40. A yau kuwa 'ya'yanmu da ke Kano da Kaduna da Abuja da Legas sukan ware mata ɗaki tun kafin suna, su cika shi da kayan roba na ƙasashen waje. Ba mu ga laifin ware ɗaki ba. Abin da ke damun mu shi ne, ko sisin kwabo ba ya isa ga matan garinmu masu ɗinkin faifai da saƙar tabarma, har sana'ar tana neman mutuwa a hannun tsofaffi.

Masana sun nuna cewa jariri sabon haihuwa ya fi ganin abin da ke tazarar santimita 20 zuwa 30 daga idonsa, kuma zanen baƙi da fari ya fi jan hankalinsa. Ashe faifanmu mai zane ya dace da shi. A jera uku ko biyar a bango. Ƙananan ƙorai masu zanen wuta sun isa ajiyar mataji da man kaɗe. Ƙyallayen atamfa da tela ke zubarwa, idan aka harhaɗa su, sai ga shimfiɗa. Yadin da aka rina da shuni, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, ya isa labule. Bayan an raɗa suna, gwaggo ko kaka ta ɗinka sunan yarinyar da zare a jikinsa.

Sai dai a kula. Kada a rataya wuri ko tsakiya ko maɓalli inda hannunta zai kai, domin tana iya haɗiyewa. A nisantar da igiya da matashi daga makwancinta, a kwantar da ita rigingine, a cikin gidan sauro mai magani.

Saboda haka muna roƙon kowane reshe na ƙungiya ya riƙa aikowa gida a yi masa waɗannan kaya, a kuma taimaka wa makarantun firamarenmu su farfaɗo da darasin aikin hannu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya albarkaci garinmu. Wassalam.