Dankalin da Muke Ci da Ƙasar da Ke Ba da Shi

Yawancin dankalin Turawan da ake saukewa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, har ya iso mana Agege, daga Jihar Filato yake fitowa: Bokkos, Mangu da Barikin Ladi. Gonaki da yawa a can kan gangare suke, kuma ruwan damina na kwashe ƙasar sama duk inda aka tsananta huɗa.

Shi ya sa malaman gona ke cewa a rage huɗa, a bar kara da ciyawa su lulluɓe ƙasa. Manomin da ya karɓi dabarar yakan rage kuɗin ƙwadago, danshi ya daɗe a gonarsa, zaizaya ta ragu.

To, me ke sa wasu su watsar da dabarar? Dankali na son kunya mai laushi, kuma in rana ta taɓa shi sai ya yi kore, ba mai saye. Ciyawa kan yi yawa a shekarun farko, ga tsadar maganin feshi. Karan da za a bari a gona abincin dabbobi ne. Mai noman gonar haya kuwa ba zai yi dakon amfanin da sai bayan shekaru zai bayyana ba.

Muna kira ga cibiyar binciken dankali da ke Kuru da gwamnatin Filato su yawaita gonakin gwaji a ƙauyuka, domin gani ya kori ji. Ku kuma dillalanmu na Legas, in kun ba manomi bashin iri ko taki, ku sassauta masa wa'adin biya, ya samu damar gwadawa ba tare da fargaba ba.