Ku auna yaro kafin ku ɗauko allura

Ƙannena, ɗaliban makarantun kiwon lafiya na Zinder da Yamai da Maradi da Tahoua. Ni ba likita ba ne, ɗan gwagwarmaya ne, amma ƴaƴanmu da iyayenmu hannunku za su faɗo gobe, shi ya sa nake da ta cewa.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta kira ƙasashe su rage rabin mummunar illar kuskuren magani cikin shekara 5. Wannan aiki a bakin gado ake yin shi, kuma ku ne a bakin gadon.

Malamanku sun koya muku tambayoyi 5: wane mara lafiya, wane magani, nawa, ta wace hanya, wane lokaci. Yau a kan "nawa" zan tsaya.

Da damina ta sauka, kun san yadda ɗakin yara ke cika da masu zazzaɓin cizon sauro. In ya yi tsanani, allurar artesunate ake yi: miligiram 2.4 ga kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ne. Yaro mai kilo 10 kenan miligiram 30 zai samu, rabin kwalba mai 60. In ba ku aza shi bisa sikeli ba, daga ina za ku samo lissafin? Da ido? Yaron da tamowa ta ci, shekarunsa ba su faɗin nauyinsa.

Farasitamol ma da muke rainawa, miligiram 15 ne ga kowane kilo, kuma in ya yi yawa hanta yake kashewa. Kinin kuwa ba a ɗura shi cikin jijiya kai tsaye, sai cikin ƙarin ruwa, sannu a hankali, wajen awa 4, ana lura da sukarin jini don yana faɗar da shi.

To, in rubutun likita bai karantu ba, ko adadin ya yi muku yawa, dan Allah ku tambaya. Na san ɗalibi na jin nauyin majo. Amma faɗan majo zuwa yamma ya wuce, allurar da ta shiga jijiya kuwa ba ta dawowa. Matambayi ba ya ɓata.

Mu kuma da ke waje, aikinmu ne mu matsa wa hukuma har kowace CSI ta samu sikeli mai aiki da isassun ma'aikata. Allah ya ba ku sa'a, ya sa albarka a hannunku.