Gwangwanin Madara da Darasin Haske

 

'Yan'uwana malamai, kun san yadda muke koyar da kimiyyar haske. Malami ya zana madubi a allo, ya ja layi biyu, yara su kwafa. Ba wanda zai taɓa madubin gaske sai hukumar jarrabawa ta WAEC ta aiko da jerin kayan gwaji, sannan a buɗe sito a kaɗe ƙura. In ka yi magana, jami'an ma'aikatar ilimi su ce babu ɗakin gwaje-gwaje. Na gaji da wannan amsa.

Ibnul Haisam, haifaffen Basra, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, da ɗaki mai duhu da 'yar kafa a bango ya nuna cewa haske miƙe yake tafiya. Kitabul Manazir, juzu'i bakwai, a kan irin waɗannan gwaje-gwaje ya ginu. Wane janareta ya jira?

Ku ba yaro gwangwanin madarar gari. Ya huda gindinsa da ƙaramar ƙusa, ya rufe bakin da takardar da aka shafa wa man gyaɗa, ya lulluɓe kansa da mayafi, ya fuskanci darbejiyar tsakar makaranta. Zai ga itacen a kife, saiwa sama, ganye ƙasa. Kada ku yi saurin ba shi dalili, ku bar shi ya sha mamaki tukuna. Daga nan a miƙa masa rula. In tsawon gwangwanin santimita 15 ne, hoton ya kai santimita 3, itacen kuma yana nesan mita 30, to tsayinsa mita 6 ke nan. Ya auna itace bai hau ba, ya kuma gane amfanin alwatika masu kama da juna, waɗanda malamin lissafi ya yi wata guda yana fama da su. A ce ya faɗaɗa hudar: hoton zai ƙara haske, amma ba zai fito sarai ba. Da kansa zai tambaya me ya sa. Ko ɗigon hasken da ke ƙarƙashin darbejiyar nan, ai hotunan rana ne. Waɗanda suka lura a husufin 29 ga Maris, 2006, sun ga sun koma siffar jinjirin wata.

Karyewar haske kuwa, tsabar kuɗi a kwano ta ishe ku. A ja baya har ta ɓuya, a zuba ruwa, sai ta bayyana.

Wasu abokan aikina na cewa manhaja ta yi yawa, yara tamanin a aji. Gwangwani ashirin, huɗu-huɗu, minti arba'in. Masu son a nuna bidiyo a kwamfuta, su fara kawo wutar.

Abin da nake nema ga ma'aikata shi ne ta wajabta gwaji kafin a rubuta kowace doka a allo, tun daga ƙaramar sakandare. Kwalejojin ilimi kuma kada su yaye malamin kimiyya sai ya haɗa wannan gwangwani da hannunsa a gaban masu jarraba shi.