Ido Kafin Wuƙa: Ƙarin Ilimi Ga Likitocin Fiɗar Hanta Da Matsarmama



A watan Afrilun 1953 aka kwantar da Anthony Eden, ministan harkokin wajen Birtaniya na lokacin, a wani asibiti a Landan domin a cire masa matsarmama. Aiki ne da likitoci suka saba da shi tun 1882, shekarar da Carl Langenbuch ya fara yin sa a Berlin, kuma majinyacin ba wanda za a ce ya rasa mai kula da shi ba ne. Duk da haka aka ji wa babban bututun da ke kai ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji rauni. Aka sake buɗe shi, abin bai gyaru ba. A watan Yuni sai da aka kai shi Boston a Amurka, inda Richard Cattell, gwanin gyaran irin wannan ɓarna, ya yi masa aiki na uku. Eden ya tashi, har ya zama firaminista a 1955, amma zazzaɓin da ke taso masa daga wannan bututu bai rabu da shi ba. Ya kwantar da shi a Oktoban 1956, ana tsakiyar rikicin mashigin Suez, a Janairun 1957 kuma ya sauka daga mulki bisa dalilin rashin lafiya.

Bututun da ya jawo wannan duka, faɗinsa bai cika wuce milimita 6 ba. Hanta tana fitar da ruwan matsarmama wajen rabin lita ko fiye a kullum, ita kuwa matsarmamar ma'ajiya ce kawai a gefen hanya; in an cire ta mutum zai ci gaba da cin tuwonsa lafiya lau. Bututun ne ba shi da madadi. Duk macen da ta taɓa gyaran kaza ta san da lallami ake zare matsarmama, don in ta fashe ɗaci ya gama naman. A jikin mutum abin ya fi haka muni: ko ruwan ya malale cikin ciki ya kawo kumburi da ruɓa, ko hanyarsa ta toshe ya koma cikin jini, ido ya zama ruwan ɗorawa, hanta ta riƙa lalacewa a hankali.

Da wuya a sami wani sashe na jiki da ke saurin tona asirin likitan da ya ajiye karatu kamar wannan, kuma an taɓa ganin haka a kan dubban mutane a lokaci guda.

Ranar 12 ga Satumban 1985, a garin Böblingen na Jamus, Erich Mühe ya cire matsarmama ba tare da ya tsaga ciki ba. Ƙananan huji ya yi, ya zura madubin leƙe da kayan aiki. Da ya kai labarin gaban ƙungiyar likitocin fiɗa ta ƙasarsa a shekarar da ta biyo baya, ba wanda ya ɗauke shi da daraja, sai a 1992 suka dawo suka karrama shi. Philippe Mouret ya yi nasa a Lyon ta Faransa a 1987, aikin ya tsallaka Amurka a 1988, daga nan ya bazu ba ƙaƙƙautawa. Majinyata da kansu suka riƙa neman sa, tunda mutum kan koma gida washegari maimakon ya shafe kwanaki a gado. Likitan da bai iya ba sai ya ga marasa lafiya suna wucewa asibitin maƙwabcinsa. To ina manyan likitocin da suka gama horo shekara ashirin baya za su koya? Aka buɗe kwasa-kwasan kwana biyu zuwa uku, da yawansu da tallafin kamfanonin da ke sayar da kayan aikin. A saurari bayani yau, gobe a gwada hannu a kan alade, a karɓi takardar shaida, mako mai zuwa a shiga cikin mutum.

A zamanin tsaga ciki, raunin bututu yakan faru sau ɗaya ko biyu cikin aiki dubu. Da sabuwar hanyar ya haura zuwa wajen huɗu ko biyar. A 1991 wasu likitocin kudancin Amurka suka buga sakamakon aiki 1,518 a mujallar New England Journal of Medicine: cikin majinyata 13 na farko da kowace tawaga ta yi wa aiki, kashi 2.2 cikin ɗari sun sami wannan rauni, bayan nan kuwa adadin ya sauko zuwa kashi 0.1. Wato majinyatan farko ne suka biya wa likita kuɗin makaranta da jikinsu. A 1992 hukumar lafiya ta jihar New York ta sa baki, ta ce kada asibiti ya bar likita ya yi aikin shi kaɗai sai ya yi sau 15 a gaban gwani.

An ɗauka da zarar hannu ya faɗa, magana ta ƙare. Shekaru suka wuce, raunin bai sauko inda yake a da ba, kuma har ƙwararru suna yin sa. A 2003 Lawrence Way da abokan aikinsa a San Francisco suka bi diddigin rauni 252, suka karanta rahotannin tiyata, suka kalli bidiyon da aka samu. Kashi 97 cikin ɗari ido ne ya yaudari likita. Rawar hannu ko rashin iya riƙe kayan aiki kashi 3 ne kacal.

Ga yadda abin ke faruwa. Mataimaki ya kama saman matsarmama ya ɗaga ta sama. Ɗan siririn bututunta, wanda shi ake so a yanke, sai ya miƙe ya daidaita da babban bututun da ke ƙarƙashinsa, a allon talabijin su zama kamar abu guda. In akwai kumburi da kitse ya lulluɓe wurin, ruɗin ya ƙaru. Likita ya maƙala ƙarfe sama da ƙasa, ya yanke, zuciyarsa a kwance. Ya ɗan matsa gaba sai ya tarar da wani bututun da bai yi zato ba, ya ce ai irin bambancin halitta ne, shi ma ya yanke. Ya cire guntun babbar hanya ke nan bai sani ba, kuma a rahoto zai rubuta cewa aiki ya yi kyau, da gaskiyarsa. Mafi yawan raunukan nan ba a gane su a ɗakin tiyata. Sai bayan kwana uku ko huɗu majinyaciya ta dawo: ba ta cin abinci, ciki ya ɗaure, jiki da zafi, mijinta yana cewa idonta ya sauya.

Ilimin da likitan nan yake bukata ba ya cikin littafin da ya ci jarrabawa da shi, domin lokacin ba a rubuta shi ba. A 1995 Steven Strasberg ya shimfiɗa ƙa'idar da yanzu ake koyarwa ko'ina: kada a maƙala ƙarfe, kada a yanke komai, sai an share kitse da zaruruwan da ke tsakanin wuyan matsarmama da hanta, an ɓamɓare kashi ɗaya cikin uku na ƙasanta daga jikin hanta, an kuma ga abu biyu rak suna shiga cikinta, bututunta da jijiyar jininta. In an ga uku, ko ba a ga komai sarai ba, a tsaya. A kira abokin aiki ya zo ya duba da idon da bai riga ya yanke hukunci ba. A ɗura ruwan hoto a bututu a ɗauki hoto ana cikin aiki, dabarar da Pablo Mirizzi na Ajantina ya fito da ita tun farkon shekarun 1930. In wuri ya ƙi buɗuwa, a cire abin da ya ciru na matsarmamar, a kwashe tsakuwar, a bar guntun da ya manne. A da ana yi wa wannan kallon kasawa. Ƙa'idojin Tokyo na 2018 sun sa shi cikin hanyoyin da ake so likita ya bi in aiki ya yi tsauri, kuma wanda rabonsa da bita tun kafin nan yana iya ci gaba da kutsawa don gudun kunya.

Darasin da ya fi ɗaci shi ne na bayan ɓarna. Lygia Stewart da Way sun nuna a 1995 cewa in likitan da ya ji raunin ne ya yi gyaran da kansa, nasara kashi 17 ce cikin ɗari. In aka tura wa ƙwararrun bututun matsarmama, kashi 94. Abin da ake so likita ya yi ke nan ya sa robar da za ta riƙa fitar da ruwan, ya faɗa wa dangi gaskiya, ya ɗaga waya ya miƙa majinyaci gaba. Wannan tarbiyya ce kafin ta zama fasaha, kuma ba ta zama a zuciyar mutum sai ya ga manyansa suna yin ta a bainar ƙananansu.

Ita kanta hantar, labarinta ya fi daɗin ji. Hogarth Pringle na Glasgow ya nuna a 1908 yadda ake matse jijiyoyin da ke shiga hanta don tsayar da jini. Claude Couinaud ya bayyana a 1957 cewa hanta sassa takwas ce, kowane da jijiyarsa da bututunsa, ana iya cire ɗaya a bar saura. Amma har 1977, a wani bincike na asibitocin Amurka, kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka yanke wa hanta ba su tashi ba. A 2002 asibitin Memorial Sloan Kettering na New York ya ba da rahoton majinyata 1,803 da mace-macen da ba su wuce kashi 3 da ɗoriya ba. Ba dabara guda ce ta kawo haka ba. Likitocin sa barci sun koyi rage ruwan da ake ƙara wa majinyaci lokacin yanka don jini ya rage zuba, Masatoshi Makuuchi na Japan ya yaɗa ɗora na'urar sikanin a kan hantar kanta ana cikin aiki, aka kuma koyi toshe jijiyar ɓangaren da za a cire makonni kafin tiyata don ɗaya ɓangaren ya ƙara girma. Da aka zo yanke hanta ta ƙananan huji, an ɗan yi hankali: taron Louisville na 2008 ya ce a fara da ƙari guda da bai wuce santimita 5 ba a sassan gefe, manyan ayyuka a bar wa cibiyoyin da suka goge. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A Najeriya, tiyatar ƙananan huji tana shiga asibitocin koyarwa da na kuɗi, kuma majinyatan ba irin na Boston ba ne. Binciken ƙasa na 2018 ya gano ciwon hanta nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin ɗari na manya, ga gubar funfunar gyaɗa da masara tana ƙara masa ƙarfi, shi ya sa sankarar hanta ke kama matasa, kuma akasari sukan iso lokacin da wuƙa ba ta da sauran amfani. Sanin wanda bai kamata a taɓa ba ilimi ne mai zaman kansa. Masu sikila kan tara tsakuwar matsarmama tun suna yara, kuma shirya su kafin aiki, da ruwa da iskar oksijin da ƙarin jini inda ya dace, shi ke raba su da ciwon ƙirjin da kan biyo bayan tiyata. Jaririn da shawara ta wuce masa mako biyu, kashinsa ya yi fari, yana iya kasancewa bututunsa ne a toshe tun haihuwa, kuma aikin da Morio Kasai ya fito da shi a 1959 ya fi nasara kafin kwana 60. Wannan kuwa ungozoma da ma'aikacin ƙaramin asibiti ne suka fi bukatar ji, domin su ke fara ganin yaron.

Hukumar MDCN mai kula da likitocin Najeriya tana neman maki 20 na ƙarin ilimi kowace shekara kafin ta sabunta wa likita lasisi, kuma Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, mai tushe tun 1960, tana shirya bita. Tsari ne mai kyau, sai dai maki yana auna zaman kujera ne. Wani nazari da Dave Davis da abokansa suka buga a 1999 ya nuna lacca zalla ba ta cika sauya yadda likita ke aiki ba, sai in an haɗa da gwaji da muhawara. A 2013 John Birkmeyer ya sa likitoci suka auna bidiyon aikin takwarorinsu 20 masu tiyatar rage ƙiba a Michigan ba tare da sanin mai aikin ba: waɗanda suka zo ƙasa, majinyatansu sun sami matsala kashi 14.5, na sama kuwa kashi 5.2. Na'urar ƙananan huji tana ɗaukar bidiyo, akwatin gwajin hannu kuma ana iya haɗa shi da kwali da kyamarar waya. Abin da ya rage shi ne sashen fiɗa ya zauna duk wata ya kalli aikin kowa, har da na shugaban sashen.

Sai maganar kuɗi da lokaci. Babban asibitin da ke da likitan fiɗa ɗaya tak ba zai iya sakin sa wata uku ya tafi koyo ba, musamman yanzu da ƙwararru ke ta ficewa waje. Mafita a nan gwani ne zai zo ya tsaya a kansa a ɗakin tiyatarsa, da ma'aikatansa da wutar janaretansa, har ya cika adadin aikin da aka ƙayyade. Gwamnatin jiha ko mai asibitin da zai sayi na'urar ya kamata ya sa kuɗin wannan horo, da na ma'aikatan jinya da masu sa barci, cikin kwangilar sayen tun farko, a kuma rubuta asibitin koyarwar da za a tura majinyaci in an ji wa bututu rauni, kafin a yi wa mutum na farko aiki.