Jawabi ga Mutanen Illela: Yadda Ake Sauya Fitilar Silin Ba Tare da Haɗari Ba

Wutar lantarki bawa ce mai biyayya, amma ba ta san ubangijinta ba. Wadda ke shiga gidajen Illela ƙarfinta wajen bolt 230 ne, watau ya isa ya tsayar da zuciyar ƙato nan take. Saboda haka duk maigidan da fitilar silinsa ta lalace, lalle ya kiyaye waɗannan abubuwa kafin ya taka tsani.

Na fari, kada ya dogara ga makunnin bango. Sau da yawa akan haɗa waya a karkace, har makunni na kashe amma wuta na nan kwance cikin mazaunin ƙwai. Sai ya tafi babban akwatin gida ya kashe wutar duka, ya zare fis.

Na biyu, kada ya ce ai an ɗauke wuta. Wannan shi ne ramin da ya fi cin mutane, gama ba a sallama kafin a maido ta. Haka kuma in akwai janareta ko batirin sola, a raba su da wayar gida, a kuma gaya wa iyali kada kowa ya kunna kome.

Na uku, ya gwada tasta a inda ya tabbata akwai wuta tun kafin ya kashe, kana ya taɓa kowace waya ta fitilar da ita. Hannu ya zama busasshe, ƙafa cikin takalmin roba, tsani na katako, wani kuma na riƙe da shi. Da damina a duba ko kwano ya yi yoyo bisa silin.

Na huɗu, ya lura da launi. A tsohon tsari ja ita ce mai wuta, baƙa ita ce mai komowa, koriya ta ƙasa ce. A sabon tsari kuwa ruwan ƙasa, shuɗiya, da koriya mai ratsin rawaya. Kowace ta koma gurbinta, a ɗaure sukurori tamau, kada a bar tagulla tsirara.

Da yake kaya na shigowa kasuwar Illela daga Sakkwato da Birnin Ƙonni, akwai ƙwai mai murɗi, akwai mai fil biyu. A sayi wanda ya dace da mazauninsa, kada a tilasta shi.

In wuta ta kama wani, kada a cafke shi da hannu. A kashe wutar, ko a ture shi da busasshen itace, sa'an nan a gaggauta kai shi asibiti ko da ya ce ya warke.

Wanda ya tarar da waya ta ƙone, ko ya rasa gane kanta, sai ya sauko ya kira ma'aikacin lantarki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.